Kiɗan Zamani: Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

 

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. To, kiɗa kam ya sake, har ta kai dattawa da yawa in sun ji abin da ke fitowa daga wayoyin 'ya'yansu, ko daga lasifikar mai shagon cajin waya, sai su girgiza kai su ce ai waƙoƙin yanzu duk ɗaya ne: ganga mai girgiza ƙirji, da murya mai karkarwa kamar ta mai jin sanyi, da baiti biyu da ake ta nanatawa har waƙa ta ƙare. Lalle ba su yi ƙarya ba. Amma fa abin yana da dalili, kuma duk wanda ya san dalilin zai gane inda kasuwar waƙa ta dosa a duniya, ya kuma gane abin da ya sa har yanzu mawaƙin Hausa yake tsaye a bakin ƙofarta bai shiga ba. Abin da za mu duba ke nan a makon nan.

GANGAR DA BA TA DA FATA

Mu fara da ganga, tun da yake ita ce uwar kiɗa. Waƙar nan ta zuba zance a kan kiɗa wadda Turawa ke kira rap, mu kuwa muka laƙaba mata gambarar zamani saboda kamar da ta yi da ta 'yan gambararmu na kasuwa, an haife ta ne a unguwar Bronx ta birnin New York. Masu tarihi sun tsai da ranar 11 ga Agusta, 1973, sa'ad da wani saurayi haifaffen Jamaika mai suna Clive Campbell, wanda aka fi sani da Kool Herc, ya sa wa matasa faya-fayai a ɗakin taro na gidan benen da suke haya. Ya lura masu rawa sun fi zabura a daidai gurbin da mawaƙi yake yin shiru a bar ganguna kaɗai, saboda haka sai ya haɗa garmaho biyu da faifai biyu iri ɗaya, in gurbin ya ƙare a wannan ya tayar da shi a wancan, har ya zama dogon kiɗa. A kan wannan kiɗa ne samari suka riƙa karɓar makirufo suna yi wa kansu kirari. A 1979 faifan "Rapper's Delight" ya fid da abin daga unguwa ya kai shi gidajen rediyo na duniya.

Shekara guda bayan haka, watau a 1980, kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fito da wani akwati mai buga ganga da kansa, ya sa masa suna TR-808. Makaɗa na lokacin suka raina shi, domin amonsa bai yi kama da na gangar gaskiya ba, ciniki ya ƙi, a 1983 kamfanin ya daina ƙera shi bayan ya yi kimanin guda 12,000. Akwatin ya faɗa shagunan 'yan gwanjo, ya yi araha, sai ya shiga hannun 'ya'yan talakawan baƙar fata waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa. Su ne suka gano cewa in aka saki babbar gangarsa ta yi tsawo, tana yin wani irin ruri mai zurfi wanda ciki yake ji kafin kunne ya ji. Marvin Gaye da Afrika Bambaataa duk sun yi amfani da shi a 1982. A yau ba mai bukatar akwatin kansa, an zuba amonsa cikin manhajar kwamfuta, yaro a Fagge da yaro a Atlanta maɓalli ɗaya suke dannawa.

Da na ambaci Atlanta, can ne aka raini salon da ake kira trap, wanda ya mamaye gambara fiye da shekara goma. Alamarsa ita ce rurin 808 a ƙasa, a sama kuma wani ɗan faranti na ƙarfe yana ta tsattsagawa da sauri kamar yayyafi a kan rufin kwano. Mawaƙi T.I. ya yayata sunan da kundinsa na 2003, Gucci Mane da Future da Migos suka ɗora. Daga nan sai ga ƙanensa mai suna drill, wanda ya taso a kudancin Chicago wajen 2012 a bakin Chief Keef, ya ƙetara Landan ya sake kama, ya komo Brooklyn a bakin Pop Smoke, wanda aka harbe a watan Fabrairu na 2020 yana da shekara 20. Ya kamata iyaye su san cewa kalmar trap tana nufin gidan da ake sayar da ƙwaya ne, drill kuwa daga gabar gungun 'yan unguwa ya tsiro. Ƙasar da ta san daba da sara-suka da kalare ba ta da bukatar a shigo mata da wata sabuwar gaba cikin faifai. Ana iya aron amon ganga a bar musu ta'asarsu.

MURYA DA SAKAN TALATIN

Sai kuma muryar nan mai karkarwa. Wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, wanda ya yi shekaru yana auna amon da ke komowa daga ƙarƙashin ƙasa domin masu neman man fetur, shi ne ya juya lissafinsa ya yi manhajar Auto-Tune a 1997. Nufinsa a riƙa gyara muryar mawaƙi a ɓoye in ta kauce wa kari, ba tare da mai saurare ya sani ba. A 1998 masu haɗa wa Cher waƙarta "Believe" suka murɗa manhajar har ƙarshe, murya ta riƙa tsalle daga wannan mataki zuwa wancan ba gangara, mutane kuwa suka so abin. T-Pain ya mai da shi tambarinsa daga 2005, Kanye West ya yi kundi sukutum da shi a 2008. Daga nan iyakar da ke tsakanin mai rera waƙa da mai zuba gambara ta rushe, domin wanda Allah bai ba murya ba ma na'ura ta ba shi. Shi ya sa a yau sai ka kasa cewa wannan rerawa yake ko magana yake.

Gajartar waƙa kuma ba daga situdiyo ta fito ba, daga aljihu ta fito. A zamanin faifai da kaset, mutum ya biya kuɗinsa kafin ya ji, saboda haka makaɗi yana da sarari ya yi shimfiɗa, ya gai da jama'a, sa'an nan ya kama hanya. Yanzu waƙa a manhajar waya take, kuma manhaja irin su Spotify, wadda ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2021, ba ta lissafa cewa an ji waƙa, balle ta biya, sai mai saurare ya kai sakan 30 bai tsallake ba. To, wa zai ɓata sakan talatin ɗin nan a shimfiɗa? Sai aka jawo amshi aka kawo shi farko, aka datse baitoci, waƙa ta komo minti biyu da 'yan kai, domin gajeriyar waƙa da aka ji sau biyu ta fi doguwa da aka ji sau ɗaya kawo kuɗi. Bugu da ƙari ga TikTok, inda guntun waƙa na 'yan sakanni da za a yi rawa da shi yake iya ɗaga mutum daga ɗakin uwarsa zuwa duniya.

Misalin da ba a mantawa shi ne na Lil Nas X. Ya sayi kiɗan "Old Town Road" ta intanet daga wani saurayi ɗan ƙasar Holan a kan dala 30, waƙar tun asali ba ta cika minti biyu ba, TikTok ya ɗauke ta, a 2019 ta yi mako 19 a kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard. A gida ma mun ga irinsa: CKay ya saki "Love Nwantiti" a 2019, ba ta yi wani tashe a waje ba, sai a 2021 masu rawa a TikTok suka tono ta, ta zaga duniya.

In mun tara waɗannan abubuwa, za mu ga dalilin da ya sa dattawa suke jin waƙoƙin duk ɗaya. Ganga ɗaya, na'urar murya ɗaya, ma'auni ɗaya. Amma a nan ne maganar ta juya, domin kayan da kowa yake da shi ba ya zama ado. Tun da na'ura ta zama ta kowa, sai kasuwa ta koma neman abin da na'ura ba ta zo da shi daga Japan ba.

KOMAWA GIDA

A 2017 ne masu ƙididdigar kasuwar waƙa a Amurka suka ba da sanarwar cewa gambara da 'yar'uwarta R&B sun kere kiɗan rock, wanda ya daɗe yana sarauta. Shekara takwas bayan haka, a watan Oktoba na 2025, aka wayi gari babu waƙar gambara ko ɗaya a cikin arba'in na farko a jerin Billboard, abin da rabon a gani tun 1990, ko da yake sauyin ƙa'idar jerin ya taimaka. Gambara ba ta mutu ba, amma kunne ya gaji da abu ɗaya. Dubi kuma waɗanda suka cike gurbin. Bad Bunny, ɗan tsibirin Puerto Rico, da Sifaniyanci yake waƙa, bai sauya harshe don kowa ba, kuma shi ne aka fi saurare a Spotify a duniya duka a 2020 da 2021 da 2022. A kundinsa na Janairun 2025 ma sai ya ƙara nutsawa gida, ya ɗauko kiɗan plena da salsa na kakanninsa. A Amurka kanta Beyoncé ta koma wa kiɗan ƙauyawan kudu a 2024, a shekarar kuma Shaboozey, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya yi mako 19 a kan gaba da waƙa mai irin wannan kiɗa.

A nahiyarmu, amon da ya fi kowane tashe a 'yan shekarun nan shi ne amapiano, wanda ya fito daga unguwannin baƙar fata na Pretoria da Johannesburg a Afirka ta Kudu. Da harshen Zulu sunan yana nufin fiyano da yawa. Zuciyarsa wani amo ne da suke kira gangar kututture, wanda yake tsakanin bugun ganga da rurin tsirkiya, kamar an buga turmi a cikin rijiya. Wani abin mamaki, wannan amo yana nan kwance cikin manhajar FL Studio wadda dubban masu haɗa kiɗa suke da ita a ko'ina, amma sai yaran Pretoria ne suka ji rawar unguwarsu a cikinsa. Kabza De Small da DJ Maphorisa suka fid da shi, Tyla ta kai shi har ta karɓi lambar Grammy ta farko da aka ware wa waƙar Afirka, a Fabrairun 2024.

Mutanen Legas ba su tsaya kallo ba. Tun da Wizkid ya fito a waƙar Drake a 2016, Burna Boy ya karɓi Grammy a 2021, Rema ya kai "Calm Down" mataki na uku a Billboard a 2023, duniya ta san kiɗan da ake kira Afrobeats, wanda ya gaji suna, ko da yake ba kiɗa ɗaya ba ne, daga Afrobeat na Fela Kuti da makaɗinsa Tony Allen. Amma wanda ya fi dacewa mu yi nazarinsa shi ne Asake. A 2022 ya ɗauki gangar kututturen nan ta Afirka ta Kudu, ya rage tsawon kiɗan daga minti shida ko bakwai zuwa ƙasa da uku, ya ɗora masa salon fuji da taron muryoyi masu amsawa, kusan duka da Yarabanci. A watan Agusta na 2023 ya cika zauren O2 na Landan mai cin mutum 20,000. Shi kuwa fuji, wanda marigayi Alhaji Sikiru Ayinde Barrister ya raina, daga ina ya fito? Daga waƙar were, watau wadda samarin Musulmin Yarabawa suke yi suna zaga gari domin ta da mutane sahur a watan azumi. Ashe abin da muke yi wa kallon wasan yara a lokacin tashe, irinsa ne wasu suka goge suka kai Landan.

Haka labarin yake a gambarar Nijeriya. Muddin ana yin ta da Turancin kwaikwayon Amurka, ta tsaya a bakin 'yan makaranta. Sai da marigayi Dagrin, wanda ya rasu a 2010, ya yi ta da Yarabanci, Olamide ya bi sawunsa, Phyno ya yi ta da harshen Ibo, sa'an nan ta sauka tasha da kasuwa. A Kumasi ta ƙasar Gana ma, da samari suka ari drill sai suka zuba masa harshen Twi suka kira shi asakaa, har mawaƙin Landan Stormzy ya zo ya shiga waƙar Yaw Tog a 2021. Ko'ina ka duba, kowane tsuntsu da ya yi suna, kukan gidansu ya yi.

TO, MU FA?

Na'ura ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun tsakiyar shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, ya haifi waƙoƙin fim da ake kira nanaye, fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna irin kasuwar da ke cikinsu. Auto-Tune kuwa mun rungume shi har ya zama kamar namu. A 2008 wani saurayi daga Abzinawan Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko da irin wannan murya tamu ta na'ura, waƙoƙin suka bazu a Sahara daga waya zuwa waya. Amma da ya tashi shiga duniya sai ya koma wa jitarsa da kiɗan mutanensa da harshensa na Tamashek, kamfanin Matador na Amurka ya buga masa kundi a 2021. Ɗan'uwansa Bombino na Agadas ya shiga takarar Grammy ta 2019. Maƙwabtanmu ne, ba su kai mu yawa ba, sun riga mu.

Ba na cewa mawaƙanmu ba su yi ƙoƙari ba. Aminu Ala ya riƙe wa kalma darajarta. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita sun riƙe gidajen biki shekara da shekaru. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta nuna a 2020, lokacin kullen korona, cewa mu ma waya tana iya ɗaga waƙarmu cikin mako guda, Ado Gwanja ya sake nunawa a 2022. A fagen gambara akwai Classiq da BOC Madaki daga Bauci, da Morell daga Barno, da DJ AB daga Kaduna, kafin su kuma akwai irin su Ziriums da Billy-O a Kano, da ƙungiyar Kaidan Gaskiya a Yamai. Sai dai in ka cire muryar ka bar kiɗan kaɗai, sau da yawa ba abin da zai gaya maka daga ƙasar Hausa ya fito. Wannan ya aro na Bombay, wannan na Atlanta, wannan na Legas, wanda su ma Legas ɗin sun haɗa da na Pretoria. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Alhali kuwa ba mu rasa kaya ba. Kalangun da ya bi Mamman Shata har ya rasu a 1999 ganga ce mai magana, ana matsa ta a hammata ta hau ta sauka kamar harshe, abin da masu 808 suke wahalar kwaikwayo da maɓalli. Ga kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ga taushin Salisu Jankiɗi, ga gurmin Haruna Uji, ga kukumar Hassan Wayam, ga kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya tal. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da matan Barmani Coge suna dukan ƙwaryar da aka kife a kan ruwa, ko ya ji 'yan mata suna buga shantu a ɗakin amarya, ya san cewa muna da tamu gangar kututturen tun kafin a ƙera kwamfuta. Taron muryoyin da ake yaba wa Asake, ai 'yan amshi ne. Abubuwan da gambarar Amurka take taƙama da su, mu sunayensu ma muke da su: yabon kai shi ne kirari, Shata da Narambaɗa kowa ya yi tasa Bakandamiya, faɗan baki irin wanda Kendrick Lamar ya yi da Drake a 2024, har waƙarsa ta ci Grammy biyar a 2025, shi ne zambo da habaici, waɗanda makaɗan fada suka ƙware a kansu tun kafin a san garmaho.

Akwai kuma wata illa ta aro wadda ta shafi harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo a baki ake rarrabe su, haka kukan yaro da kukar miya. Mawallafanmu irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu a kan doguwar gaɓa da gajeriya suka gina ma'aunin waƙoƙinsu. In saurayi ya ɗauki tafiyar zancen Ba'amurke ya cusa Hausa a ciki da ƙarfi, sai ya ja gajeriyar gaɓa, ya datse doguwa, ya ɗaga inda ya kamata ya sauke, har Bahaushe ya ji waƙa da harshensa ya nemi tafinta. Kalangu ba ya yin wannan kuskure, domin shi harshen yake bi. Mai gambarar da ya zauna da makaɗin kalangu wata uku zai fito da tafiyar zance wadda ba wanda ya taɓa ji a Atlanta.

Me ya hana? Gaskiya ɗaya ce daga ƙin ta sai ɓata: mun raina makaɗanmu. Mun ɗauki kiɗa sana'ar roƙo, ɗan makaɗi yana jin kunyar gadon gidansu, ɗan boko kuma yana ganin riƙe fiyano wayewa ne, rataya kalangu ƙauyanci. Na biyu, mawaƙinmu ba daga mai saurare yake ci ba, daga ɗan siyasa da uwar biki yake ci, wanda kuwa ya biya shi yake zaɓen kiɗa. Abin da manhaja take biya a kan sauraren da aka yi a Nijeriya bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Turai, ga masu tura waƙa a katin waya a bakin kasuwa ba sisin mawaƙi a ciki. Na uku, masu dukiyarmu ba su ɗauki waƙa sana'ar da za a zuba wa jari ba, alhali a Fabrairun 2024 kamfanin Universal, mafi girma a duniya a wannan fanni, ya ba da sanarwar sayen kaso mafi tsoka na kamfanin Mavin da Don Jazzy ya kafa a Legas.

Jinkirin nan kuwa yana da hatsari. Yayin da ake ciki yanzu shi ne tsakuro guntun tsohuwar waƙa a gina sabuwa a kansa. Burna Boy ya yi haka da waƙar Toni Braxton a 2022, Tems ta yi da waƙar Seyi Sodimu ta 1997 ta ci Grammy a 2025. Masu haɗa kiɗa a ko'ina suna tonon tsofaffin faya-fayai suna neman amon da ba a gaji da shi ba, namu kuwa suna nan zube a intanet ba mai tsaro. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, wadda a Afrilun 2023 aka yi waƙa da ita da muryar Drake da The Weeknd ba da saninsu ba, sai da kamfaninsu ya sa aka sauke ta. Su suna da kamfani da lauyoyi. Ranar da aka sa muryar Shata ta yi wa wani ɗan takara waƙar da bai taɓa yi ba, wa zai tsaya masa?

Doka dai tana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Bisa wannan lissafi waƙoƙin Shata suna da magada har 2069, na Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, har 2085. Abin da ya rage shi ne iyalan makaɗan nan su san haƙƙinsu, su rubuta abin da suka gada, su wakilta wanda za a nema in ana son izini. Samari kuma in za su tsakura su je su yi sallama, su yi yarjejeniya a rubuce, a raba abin da aka samu.

Saboda haka kiranmu ga masu situdiyo a Kano da Kaduna da Jos da Abuja shi ne su nemo makaɗan da suka rage da rai, su ɗauki amon kowace ganga ɗaya bayan ɗaya da kyakkyawan makirufo, su biya su, su zuba a kwamfuta yadda yaro zai same shi kusa da 808. Gidan rediyon tarayya na Kaduna da sauran gidajen da suka ɗauki makaɗa tun shekarun 1960 su ceci faya-fayansu kafin ƙura da gara su gama da su, jami'o'inmu da suka daɗe suna nazarin waƙar baka su taimaka. Hukumomin tace waƙa, irin wadda Jihar Kano ta kafa a 2001, suna da aikinsu na tsare tarbiyya, amma makiyayin da ya iya kora kaɗai bai san mashaya ba, garkensa ba ya ƙiba. Su haɗa da gasa da kyauta ga wanda ya yi waƙa mai tsabta da kayan kiɗan gida. Iyaye kuma su daina tsine wa abin daga nesa, su zauna su ji abin da yaran suke ji, su sa musu Narambaɗa su ma su ji.

Ku kuwa samari masu waƙa, ba wanda ya ce ku yar da kwamfuta ku koma zamanin garmaho. Ku riƙe na'urarku da kyau, ku san sakan talatin ɗinku, amma ku tuna cewa Ba'amurke ba zai sayi kwaikwayon kansa daga hannunku ba, yana da na asali a gida. Abin da ba shi da shi, shi ne wanda kakanninku suka bar muku rataye a bango. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.